Kafin Mu Ci Bashin Babur, Mu Sake Duban Keke

Kaka ta wuce, an yi sujadar godiya a majami'u, yanzu kuwa lokacin taron shekara ne na ƙungiyoyinmu na gama kai, inda ma'aji zai buɗe littafi a ga abin da aka tara, a kuma shawarta abin da za a yi da shi. Daga wajen Bichi da Bagwai har zuwa Kunchi da Dambatta, magana ɗaya mu ke ta ji a bakin 'yan ƙungiya, watau a kwashe kuɗin ajiya, a ciwo bashi a cika, a sayi babur ko mai ƙafa uku na dakon kaya. Mu namu ra'ayin dabam ne, mun kuwa ga ya kamata mu faɗe shi tun ba a ɗaga hannu an yanke shawara ba. A ganinmu, kafin ƙungiya ta ɗora wa kanta bashin inji, sai ta fara tabbatar da cewa kowane gida a cikinta yana da keke mai ƙarfi, wanda aka haɗa daidai da hanyar gonar mai shi da irin kayan da ya ke ɗauka.

Mun sani wasu za su yi dariya, su ce ana maganar ci gaba mu kuwa muna jan mutane baya. To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan kowa ya auna da kansa.

Ƙasarmu da irin tafiyarmu

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya sani ba mu da daji. Gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye, gonar da aka noma bana kuwa ita za a noma baɗi, ba hutu. Abin da ya riƙe wannan ƙasa shekara da shekaru shi ne taki. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya soma nazarin noman karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya rubuta wa duniya abin da kakanninmu suka riga suka sani, cewa ƙasa mai yawan jama'a ba ta mutuwa muddin ana mayar mata da abin da aka ɗiba. Amma taki ba ya kai kansa gona. Da, jaki ne ya ke wannan aiki. Da rani a cika mangala a kora shi, a zube tuli nan tuli can, har gona ta cika kafin ruwan shuka. Na kusa da birni su kan shiga da itace su fito da shara.

Yau jaki ya yi wuya. Fatarsa ta zama abin nema a ƙasar Sin, inda a ke dafa ta a yi wani magani da ita, har aka riƙa kwasar jakuna daga kasuwannin Arewa ana kai su mayanka. Abin ya kai shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa cikin watan Fabrairu na 2024, suka amince a hana yanka jakuna saboda fata. Hanin yana da kyau, amma bai mayar wa kowa da jakinsa turke ba.

Babur ne ya zo ya maye gurbin jaki a gidaje da yawa, aka kuwa ji daɗinsa muddin mai yana da araha. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai. A ƙauye, inda sai dai a saya a kwalba wurin 'yan bumburutu, kowa ya san ta fi haka. Farashin ya kan hau ya kan sauka, amma ba mu mu ke yanka shi ba, ba kuwa za a taɓa tambayarmu ba.

Yanzu bari mu dubi tafiye-tafiyen da mu ke yi a mako. Daga gida zuwa gona. Zuwa rijiya ko famfon burtsatse. Zuwa injin niƙa, da kasuwar mako, da makaranta, da ɗakin shan magani, da majami'a. Yawancinsu ba su wuce tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a ƙafa ba, hanyoyin kuwa 'yan turba ne tsakanin shingen aguwa, inda mai ƙafa uku ba ya shiga ko kaɗan. Kayan da mu ke ɗauka kuma mun san su. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Jarka biyu na ruwa, kowace lita 25, kilo 50 ke nan. Ga rabin buhun gero, ga kwandon tumatir ko albasa daga noman rani na Watari ko na Tomas. Wannan duka aikin keke ne, in dai keken ya amsa sunansa.

Darasi daga nesa

Kasuwa yanzu ta cika da wani irin keke na gwanjo mai faɗin taya, wanda samari ke kira mai giya, Turawa kuwa suna ce da shi keken hawan dutse. Yana da kyau mu san asalinsa, gama akwai darasi a ciki. Cikin shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan keke, ta hanyoyin da ba kwalta. Kekunan tsere na zamanin, masu siririyar taya, ba su jure wannan ba. Sai samarin suka shiga tsintar tsofaffin kekuna masu nauyi na kamfanin Schwinn, waɗanda aka ƙera tun shekarun 1930 da 1940, suka sa musu birki mai ƙarfi da giya da hannun babur. A 1976 suka soma wata gasar gangara da suka sa wa suna Repack, domin wanda ya sauko sai ya kwance birkin baya ya sake cika shi da giris, saboda zafi ya ƙone na da. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera sabon firam musamman domin wannan hanya. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da irinsa da yawa domin sayarwa. Watau masu hawa ne suka fara haɗa abin da ya dace da hanyarsu, kamfani ya biyo baya.

Su wasa ne ya kai su. Akwai waɗanda larura ta kai. A 1954, lokacin yaƙin Dien Bien Phu, mutanen Biyetnam suka riƙa kai wa sojojinsu shinkafa da kayan yaƙi ta cikin duwatsu da kurmi a kan kekuna. Suka ƙarfafa firam da itace, suka ɗaura sanda a kan keken domin juya shi, wata kuma wajen sirdi domin turawa, mutum yana tafe a ƙasa yana tura kaya fiye da kilo 200. Faransawa duk da jiragensu na sama suka sha kashi. Ba yaƙi mu ke yabo ba, muna nuna abin da keke zai iya ne in an gyara shi domin aikin da a ke so.

A zamaninmu kuma, ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keken da ta kira Buffalo, watau ɓauna, domin karkarar ƙasashe kamar Zambiya da Kenya da Malawi. Na ƙarfe ne mai kauri, ba ado, na farkonsa giya ɗaya gare shi, an kuma yi kariyarsa ta ɗauki kilo 100. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, duk inda suka kai kekunan sai sun horar da masu gyara a wurin.

Mu ma ba baƙin wannan sana'a ba ne. Akwai lokacin da a ke haɗa keken Raleigh a nan Kano, iyayenmu suka hau shi, bayansa kuma Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika ƙauyuka. Wa bai taɓa ganin mai kai rake ko kaji kasuwa ba, da kariyar da maƙerin garinsu ya yi masa da rodi? Wannan ma haɗa keke ne. Abin da ya rage shi ne mu yi shi da tsari, mu daina yi da ka.

Kuskuren da muka yi

Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma mun taɓa faɗawa ramin da mu ke yi muku kashedi a kai. Shekarun baya mun sayo wa masu bishara da malaman gona na ƙungiyoyi kekuna daga wurin wani dillali a birni. Masu sheƙi ne, da sifirin gaba da baya, da giya har 21. Ran da aka raba su a harabar majami'a kowa sai murna. Damina ta biyu ba ta zo ba sai da yawancinsu suka koma jingine a bayan rumbu. Sifirin baya ya hana a ɗaura kariyar kirki. Ƙarfen sauya giya, wanda ke reto kusa da ƙasa, ya yi ta karo da kututturen kara har ya lanƙwashe. Da firam ɗin ɗaya ya tsage aka kai wa mai walda, ya duba ya ce wannan alminiyam ne, wutarsa ba ta kama shi.

Akwai wani tsohon mai bishara da ya ƙi karɓa tun farko. Ya ce shi a saya masa taya biyu da sarƙa kawai ya sa wa tsohon kekensa. Muka ɗauka tsufa ne da taurin kai. Har wa yau da wannan keken ya ke zaga ƙauyuka uku ran Lahadi. Laifin ba na dillali ba ne, shi ya sayar da abin da aka tambaye shi. Laifin namu ne, da muka sayi abin da ido ya so ba mu tambayi hanya ba.

Yadda za a haɗa keken gona

Da fari, firam. A nemi na ƙarfe, gama shi ne mai waldan ƙauye zai iya gyarawa. Gane shi ba wuya: a tafi kasuwa da mayen ƙarfe, irin na tsohuwar lasifikar rediyo, a kara a jikin firam. In ya manne ƙarfe ne, in bai manne ba a bar shi. A duba duk mahaɗar bututu ko akwai tsaga. In fenti ya tattare a bututun da ke bayan wuyan keke, alama ce an taɓa yin karo da shi. A tsaya a baya a hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Mai sifirin baya kuwa, kome kyansa, ba na dako ba ne.

Na biyu, girman ƙafa. Nan ne kowa zai dubi hanyarsa. Wanda gidansa ke kusa da burji mai tauri, babban keken nan na da mai ƙafa inci 28 ya ishe shi, ga shi kayan gyaransa suna ko'ina. Amma wanda turbarsa rairayi ce, kamar yadda ta ke a jigawa da yawa na arewacinmu, mai ƙafa inci 26 da taya mai faɗin inci 2 ya fi masa. Siririyar taya yanka rairayi ta ke yi ta nutse, mai faɗi kuwa bisa ta ke bi, balle in an ɗan rage mata iska. Sai dai a kula, in an rage da yawa ga kaya a baya, bakin ƙarfen ƙafa zai matse tiyub ya huda shi a wuri biyu.

Na uku, wayoyin ƙafar baya, gama can nauyi ya ke sauka. Ba a banza ba masu ƙera tsofaffin kekunan Ingila su kan sa waya 40 a baya, 32 a gaba. A sa masu kauri, kada su gaza 36, a kuma ɗaure su daidai wa daida. A kaɗa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar tsarkiyar molo, wadda ta yi sako-sako za a ji muryarta dabam. In ɗaya ta tsinke a sake ta ran nan, domin nauyinta ya koma kan maƙwabtanta ke nan, su ma ba za su daɗe ba.

Na huɗu, ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun fi kome sa mutum ya tsani keke. Maganin a nan gida ya ke. A sami tsohuwar taya, a yanke bakinta mai waya gefe biyu, a shimfiɗa abin da ya rage a cikin sabuwar taya kafin a sa tiyub. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma zuwa wurin mai faci zai ragu ƙwarai. Duk da haka kada a fita ba famfo da sholisho da ɗan faci.

Na biyar, giya. Mutane da yawa su kan ce keke da kaya yana kashe gwiwa, ba su san laifin haƙora ba ne. Yawancin manyan kekuna suna zuwa da farantin gaba mai haƙora 44 ko 46, na baya kuwa mai 18. An yi wannan domin mutum shi kaɗai a kan kwalta. In aka cire na baya aka sa mai haƙora 22, aka ɗan ƙara tsawon sarƙa, ƙarfin da ƙafa za ta sa a feda zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gudu ma zai ragu daidai haka, amma mai buhu a baya ba tsere ya fito ba. Wanda ya ke da mai giya, in akwai wanda ya iya saita ta kusa da shi, ya bar ta, tana da amfani a rairayi da hawa. In babu, gara mai gyara ya cire ƙarfen sauyawar, ya rage sarƙa ta zauna a giya ɗaya mai taushi. Amma ya fara duba ko sarƙar za ta ɗauru daidai, gama ba kowane firam ne ke yarda da haka ba.

Na shida, kariya. A yi ta da rodi ko shafaffen ƙarfe, ƙafafunta su sauka a kan firam dab da tsakiyar ƙafar baya, a ɗaure da noti. Kada a yarda a manna ta da wutar walda a jikin siririn bututu, gama wutar ta kan huda shi, wurin kuwa nan zai karye wata rana. Wajen ɗora kaya a yi koyi da jaki: a raba biyu, a rataya gefe da gefe kamar mangala, ƙasa-ƙasa. Kayan da aka tula sama su ke sa keke rawa, waɗanda suka zarce baya kuwa su ke ɗaga ƙafar gaba. Buhun hatsi mai kilo 100 a raba shi sawu biyu, ko kuwa a sauka a tura.

Na bakwai, birki da fitila. Keken da aka ƙara wa kaya dole a ƙara masa birki. Na gaba da na baya duka su kama, a sake robarsu da zarar ta cinye, a kuma tuna in ƙarfen ƙafa ya jiƙe da ruwa birki ba ya ci da wuri. Al'adar nan ta taka taya da silifa a madadin birki ta karya mutane da dama. Wanda zai hau titin Kano zuwa Katsina ko na Kano zuwa Daura da asuba ko bayan magariba, lalle ya sa fitila a gaba da abu mai ƙyalli a baya, domin direba ba ya kauce wa abin da bai gani ba.

Sauran kuwa kulawa ce. A ɗaga sirdi har in an ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe. A ɗiga wa sarƙa man inji kaɗan a goge da tsumma, gama mai da yawa in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙora. Man gyaɗa na miya ne, a sarƙa daskarewa ya ke yi. Sau ɗaya a shekara a kwance ƙafafu da wuya da feda, a wanke boris, a sake giris.

Abin da masu ƙi su ke faɗi

Wani zai ce, in mace tana naƙuda da tsakar dare, ko maciji ya sari yaro, a keke za a kai su asibiti? A'a. Wannan magana gaskiya ce, ba mu kuwa da amsar da ta wuce mu yarda. Ba mu ce a kori babur daga gari ba. A kusan kowace ƙungiya akwai mai babur ɗaya ko biyu. A yi yarjejeniya da su, a ware ɗan kuɗi a asusun gaggawa domin mai da ladansu, kowa ya san ƙofar da zai buga. Haka kuma in za a kai hatsi da yawa Dawanau, a tara wuri ɗaya a ɗauki hayar mota tare. Keke shi ne zai kawo buhunan daga gidaje zuwa wurin tarawa.

Wani kuma zai ce, ai babur ɗin ƙungiya zai riƙa kawo kuɗi ya biya bashin kansa. Mun ga inda aka gwada. Abin da ya zama na kowa, sau da yawa ba mai duba masa mai. Ran kasuwa mutum goma ke sonsa a sa'a ɗaya, ran da ya lalace kuwa kowa ya ce ba a hannunsa ya lalace ba. Mai bin bashi kuma ba ruwansa da ko damina ta yi kyau. Mun ga 'yan'uwa da suka shekara suna zama a benci ɗaya a majami'a sun daina gaisawa saboda wannan. Ubangijinmu ya koya mana cewa mai shirin gini ya fara zama ya yi lissafi ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Kuɗin babur ɗaya zai ta da kekuna da yawa, kowanne kuwa yana da mai shi da zai kula da shi.

Samari kuma suna cewa keke abin kunya ne, ba budurwar da za ta saurari mai keke. 'Ya'yanmu, mun ji ku. Amma ku sani a ƙasar Holan, wadda ba wanda zai kira matalauciya, kekuna sun fi mutane yawa, Mark Rutte kuwa, wanda ya yi firayim ministansu daga 2010 zuwa 2024, ya kan je ofis a kan keke. Saurayin da ya haɗa kekensa da hannunsa, ya san kowane noti a jikinsa, ba a binsa ko kwabo, ya fi wanda ke ɓuya a bayan shinge in ya hango mai bin kuɗin babur. In kuna son ado ku yi masa fenti, ku sa ƙararrawa da madubi, ba mai hana ku, amma bayan an gama da birki da ƙafafu. Manzo Bulus da hannunsa ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa, bai kuwa ji kunya ba.

Akwai kuma masu cewa bai dace mace ta hau keke ba. Muna roƙon dattawa su dubi wannan da idon tausayi. Wa ke ɗebo ruwa? Wa ke kai niƙa? Wa ke ɗauko amfanin gayauna a ka, ga goyo a baya? In akwai wanda keke zai fi sauƙaƙa wa rayuwa a gidajenmu, mata ne da 'yan mata. Akwai firam marar sandar sama, wanda mace za ta hau da zanenta cikin mutunci. Yarinyar da ke isa makaranta a gajiye bayan an gama darasin farko, keke zai iya zama dalilin da za ta gama karatunta.

Abin da mu ke roƙon ƙungiyoyi

Ga shawararmu ga taron bana. A fara da ƙirga. Sakatare ya bi gida gida ya rubuta keke nawa ke aiki, nawa ke kwance. Za ku yi mamakin firam nawa masu kyau ke rataye a zaure saboda rashin taya ko sarƙa kawai. Daga matattu uku a kan ta da biyu.

Sa'an nan ƙungiya ta sayi akwatin kayan aiki guda: sifanu, filaya, abin ɗaure wayar ƙafa, abin yanke sarƙa, babban famfo da gwangwanin giris. A damƙa shi ga mutum ɗaya amintacce, da littafin da za a rubuta wanda ya ara da ran da ya mayar.

A zaɓi matasa biyu, in da hali namiji da mace, a kai su wurin gwanin gyaran keke a gari mafi kusa, su yi rani guda suna koyo, a kuma biya maigidan ladansa yadda ya kamata. In sun dawo su yi wa kowa aiki, Kirista da Musulmi, ɗan ƙungiya da wanda ba ɗan ƙungiya ba, da farashi na gaskiya. Wannan ma shaida ce.

A riƙa sayo taya da tiyub da sarƙa da wayoyi da robar birki a sari daga Kano, a sayar wa 'yan ƙungiya da riba kaɗan wadda za ta koma asusu. Wanda ba shi da kuɗi a hannu a ba shi, ya biya da kaka, ko da tiyar hatsi ne bisa farashin ranar. A sa gwauraye mata da masu bishara da 'yan makaranta na nesa a gaban layi. Zumuntar mata kuma, da ta saba da adashi, tana iya yin zagaye guda na keke.

Daga ƙarshe a sa ranar gyara, wata Asabar cikin watan Afrilu ko farkon Mayu, sa'ad da a ke kai taki gona. Kowa ya turo nasa ƙarƙashin bishiyar majami'a, a kwance a ɗaure tare, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba.

In an yi haka shekara biyu, kowane gida ya samu abin hawa, asusu kuma ya ƙaru ba bashi, sa'an nan ƙungiya ta ga tana bukatar inji, to ta saya da kuɗinta, mu ma za mu zo mu taya ta murna. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, ko wata dabarar haɗa keke da ya gwada ta yi masa aiki, ya rubuto mana ta hannun malamin gona na yankinsa, za mu buga domin kowa ya amfana.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima a taron da ke zuwa, ya kiyaye fitarmu da komowarmu, ya kai mu damina lafiya. Amin.